In Za Ki Ɗora Keke A Motar Haya

Yau zancen keke na kawo muku, watau yadda mace za ta ɗora keke a motar haya, ta kai shi inda za ta, ya sauka lafiya ba tare da ya lalace ko ya ɓata ba.

Na san wata za ta ce, "Ina ruwan filin mata da keke? Ai wannan zancen maza ne." To, 'yar'uwa, dakata tukuna. Wa ke tara kuɗin adashi ta saya wa 'yarta keken zuwa makaranta? Wa ake aika Kano ta dawo da shi? In ya iso a lanƙwashe, wa ke kwana da baƙin ciki? Ai mu ne. Saboda haka zancen namu ne, kuma gara mu san shi tun kafin ya same mu.

ABIN DA YA SAME NI

Bayan da na gama Kwalejin Ilmi ta Gumel, sai aka ba ni aikin koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye a cikin ƙasar Garki. Daga bakin hanyar mota zuwa makarantar wajen kilomita 6 ne. Mota ba ta shiga sai jifa-jifa. In na taka da ƙafa sai na yi fiye da awa guda, in iso a gajiye, rana ta riga ta take. In na hau acaɓa kullum, albashin ba ya kai ni ƙarshen wata. Da na yi shawara da mahaifina, sai ya ce in sayi keke. Na tara abin da ya sawwaƙa, na tafi Kano na sayi wani keken mata na hannu, mai kwando a gaba.

Na turo shi har tashar 'Yankaba ina murna. Yaron mota ya karɓa, ya ce, "Shiga kawai, Malama, kayanki na hannuna." Ni kuwa da kunya, ga maza cike da wurin, sai na shige na zauna. Ban tambayi kuɗin kaya ba. Ban tsaya na ga inda aka sa shi ba. Ashe shi aka fara shimfiɗawa a saman motar, sa'an nan aka jibga masa buhuna biyu da wata katifa, aka ɗaure tamau.

Da muka iso aka sauke, sai na ga ƙafar gaba ta karkace, wayoyi huɗu sun tsinke, kwando ya lotse, ƙararrawa kuwa babu ita ko sama ko ƙasa. Ban gama kallon ɓarnar ba sai yaron motar ya miƙo hannu, ya yanka mini kuɗin kaya kusan daidai da kuɗin kujerata. Na ce, "Haba Malam, dubi yadda kuka yi mini da keke!" Ya ce, "Mun yi da ke zan biya in ya lalace?" Ba mu yi ba kuwa. Na biya, mota ta tashi ta bar ni da ƙura. Keken da na saya domin ya ɗauke ni, ni na kinkime shi zuwa wurin mai gyara.

Tun daga ran nan na shiga tambayar masu gyaran keke da direbobi da tsofaffin malamai. Abin da na koya shi zan faɗa muku, gama an ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

DON ME AKE ƊORA KEKE A MOTA?

Ku da kuke ƙasar nan kun san yadda take. Garki tana cikin masarautar Ringim, tare da Taura da Ɓaɓura da Ringim ɗin kanta. Jiharmu ta Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta 1991, ƙasa ce ta manoma, ƙauyuka a warwatse. Motar haya tana bin babbar hanya ne kawai. Ta sauke ki a kwana ko a bakin kasuwa, ta wuce. Sauran tafiyar, daga nan zuwa ƙofar gida ko ƙofar makaranta ko asibiti, wannan kuma ke da Allahnki.

A da, acaɓa ke cike wannan gurbi da kuɗi kaɗan. Amma ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin acaɓa ya tashi. Kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru aka fito da su aka kakkaɓe.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Mu ɗauka ɗan acaɓa yana karɓar naira 500 ya kai yarinya makaranta, ya karɓi 500 ya dawo da ita. Naira 1,000 ke nan a yini. Kwana 5 a mako, naira 5,000. In zangon karatu ya yi mako 13, an kashe naira 65,000 a kan yarinya guda, ban da littafi, ban da abin kari. Ki sa kuɗin da ake biya a garinku a wannan lissafi, ki gani da kanki. Manomi mai 'ya'ya shida, in ya ga wannan, wa kike tsammani zai fara cewa ta zauna a gida? Mu duka mun san amsa.

Keke kuwa ba ya shan mai. Tafiyar da ke cin awa guda a ƙafa, a keke ba ta kai rabin awa in hanya na da kyau. Sai dai keke ba ya kai mutum Dutse daga Garki ya dawo a yini, mota kuma ba ta shiga lungu. Shi ya sa ake haɗa su. Mota ta ɗauki doguwar tafiya, keke ya ƙarasa gajeriyar. Ga malamai da ma'aikatan asibiti da aka tura ƙauye, ga ɗalibai masu komawa makaranta bayan hutu, ga wadda ta sayo sabon keke daga birni, ga wanda kekensa ya yi lalacewar da sai an kai shi Ringim ko Gumel. Duk waɗannan sai sun ɗora keke a mota.

TUN DAGA GIDA

Shirin zaune ya fi na tsaye. Tun daren tafiya ki cire duk abin da hannu zai iya cirewa: ƙararrawa, da fitila, da famfo, da kwando, da madubi in akwai. Ki zuba su a jakarki. Waɗannan su ke fara ɓata, wani lokaci ba sata ba ce, girgizar hanya ce ke kwance su.

Ki goge sarƙa da tsumma. Baƙin man da ke jikinta in ya shafi katifar wata ko buhun garin wani, rigima ce za ki saya da kuɗinki. In da hali ki naɗe wajen sarƙar da tsohon buhu ko leda.

Kowane keke na kamfani yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa. Yawanci tana ƙarƙashin inda feda ke juyawa, wani kuma a kusa da gindin sirdi. Ki kifa keken ki nemo ta, ki rubuta a littafi. In da waya mai ɗaukar hoto a gidan, a ɗauki hoton keken da na lambar. Rasiɗin saye kuma ya zauna a jakarki. Kekuna irin su Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya, da tsohon Raleigh na Ingila wanda kakanninmu ke alfahari da shi, duk baƙaƙe ne masu kama da juna. Ran da aka yi gardama a tasha, ko aka tsayar da mota a hanya aka ce keken wane ne wannan, lamba da rasiɗi su za su yi miki magana.

Ki tanadi igiyarki mai ƙwari, da robar tsohon tub da aka yayyanka, da kwali ko buhu biyu. Kada ki dogara da igiyar mota. Sau da yawa ta riga ta ƙare a kan kayan wasu, naki sai a maƙale shi da ragowa.

In akwai mai gyara kusa, ki kai masa ya sassauta notin kan keken, ya juya kan ya yi daidai da jiki, keken ya kwanta shafal. In tafiyar mai nisa ce, a cire feda ma. Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: fedar hagu ba ta kwancewa ta inda sauran notuna ke kwancewa, ta ɗaya wajen ake juya ta. An yi ta haka ne domin kada ta kwance da kanta in ana tuƙi. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaure ta yana tsammanin kwancewa yake, har ya cinye haƙoran. Sifana mai lamba 15 ita ke kama yawancin feda da notin ƙafa. Ki sayi guda, ba ta da tsada, ta zama ta jakarki.

A TASHA

Abu na farko, ki shiga mota a cikin tasha, kada ki tsaya a bakin hanya domin neman sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Motar tasha an san direbanta, 'yan ƙungiyar direbobi sun san lambarta, in wani abu ya faru akwai ofishin da za ki kai kuka. Motar da kika tare a hanya in ta wuce, ta wuce ke nan.

Na biyu, ki dubi rana. Ran Lahadi kasuwar Gujungu ke ci, ran Alhamis ta Maigatari. A irin waɗannan ranaku motocin wannan yanki cike suke da buhuna da awaki da kaji, direba kuma hankalinsa na kan mai kaya da yawa. In ba dole ba, ki zaɓi wata rana. In dole ne, ki yi sammako.

Na uku, ki dubi motar. Bas mai kariya a sama ta fi kyau, gama keke zai kwanta sosai. Ƙananan motoci irin su Golf da Sharon a but suke cusa shi, rabi a ciki rabi a waje, su ja murfin da igiya. In haka za a yi, ki sa kwali tsakanin murfin da keken, in ba haka ba kowane rami aka faɗa sai murfin ya dake shi. A-kori-kura tana da fili, amma a nan ne mutane ke zama a kan kaya, wani ma ya ɗora ƙafa a kan wayoyin ƙafar keken bai sani ba.

Na huɗu, shi ne babba: a gama ciniki kafin keke ya bar hannunki. Kuɗin kaya ba shi da ƙayyadadden farashi, yadda aka shirya ne. Muddin keken yana ƙasa, ke ce da magana. Da ya hau sama an ɗaure, magana ta koma wurinsu. Ki yi sallama, ki gai da mutum da ladabi, sa'an nan ki faɗi buƙatarki a fili. Ga yadda nake yi yanzu:

"Salamu alaikum, Malam direba, sannu da aiki. Ringim za ni, ni da keken nan. Nawa ne nawa, nawa ne nasa?"

In ya faɗa, in ya yi yawa, sai in ce, "A yi mini ragi, Malam, ba shi da nauyin buhu." Gaskiya ce kuwa, babban keke irin na da nauyinsa wajen kilo 20 ne, bai kai rabin ƙaramin buhun shinkafa mai kilo 50 ba, wuri kawai yake ci. In mun daidaita, sai in ƙara da cewa, "Amma don Allah shi za a sa a ƙarshe, kada a ɗora masa kome." Ina faɗar wannan a gaban ɗan kamasho ko wani dattijo cikin fasinja, domin a sami shaida.

'Yan'uwa, kunya ado ce ga mace, ban musa ba. Amma tambayar kuɗin kaya ba rashin kunya ba ne. Wadda ta iya taya atamfa a kasuwa ta iya taya kuɗin mota. In kuwa yarinya ce ƙarama za ta yi tafiyar, wanta ko kawunta ya raka ta tasha ya yi mata wannan magana.

YADDA AKE ƊAURE SHI

Kada ki shiga mota sai kin ga an ɗaure. Ki tsaya gefe, ki sa ido, ki yi magana a hankali in kin ga ba daidai ba.

Keke shi ne na ƙarshen hawa. A shimfiɗa kwali ko buhu, a kwantar da shi a kai, gefen sarƙa yana kallon sama. In an kwantar da shi ta gefen sarƙa, nauyinsa zai danne faranti da murfin sarƙar su lanƙwashe. Fedar da ke ƙasa, in ba a cire ta ba, a naɗe ta da tsumma, domin kada ta huda buhun wani ko ta ƙarce rufin mota.

Igiya a jikin ƙarfe ake ɗaura ta, wuri uku: kusa da wuya, da ƙarƙashin sirdi, da wajen ƙafar baya. Kada a zura igiya cikin wayoyin ƙafa a ja. Wayoyin nan su ke riƙe da ƙafar ta tsaya sak, kowace tana ja daidai da 'yar'uwarta. In an tsinke uku ko huɗu a gefe guda, ƙafar sai ta karkace, ta riƙa gugar birki. Haka kuma kada igiya ta bi ta kan sandunan birki ko wayarsa. Roba tana da amfani domin tana hana motsi, amma ita kaɗai ba ta isa ba, rana na cinye ta. A haɗa da igiya. In an gama, ki ce yaron mota ya girgiza keken da hannu. In ya motsa a tsaye, a guje sai ya fi haka.

In a bayan mota za a rataya shi, ki lura da abu biyu. Kada taya ta yi kusa da bututun hayaƙi, zafinsa na ƙona roba. Kada kuma keken ya rufe lambar mota ko fitilun baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kama motar da ta yi lodin da ya wuce kima, in kuwa aka tsare mota a hanya, har da ke za a yini a rana.

A nan ina so in faɗi wata magana mai nauyi. In kika ga an tula kaya a saman mota har ta yi tozo, tana rangaji tun ba ta tashi ba, ki haƙura ki jira ta gaba. Mota mai nauyi a sama ita ke saurin kifewa a kwana. Keke ana sayen wani. Sannu ba ta hana zuwa.

A HANYA DA WURIN SAUKA

In kin sami dama ki zauna kusa da taga ko ƙofa. Duk inda aka tsaya sauke wani, ki leƙa. A nan ne ake kwance igiya domin a ciro buhun da ke ƙasa, a mai da keken a manta ba a ɗaure sosai ba. A nan ne kuma ake sauke kayan wani a ba wani bisa kuskure. Kalma guda ta isa: "Malam, a duba mini igiyar keken nan."

In tafiyar sai an sake mota, kamar a mararrabar Gujungu inda hanyoyin Kano da Gumel da Haɗejiya da Jahun suka haɗu, ki sani ciniki sabo ne, ɗauri ma sabo ne. Ki ware kuɗin wannan tun daga gida. In kuma direba ya ce zai juye ku a wata mota alhali kin biya shi har ƙarshe, ki tabbata ya gaya wa sabon direban cewa an biya na keke, a gabanki.

Da an sauke miki, kada ki yi sallama tukuna. Ki ɗaga gaba ki juya ƙafa, ki ga ko tana tafiya sak. Ki yi haka da ta baya. Ki matsa birki biyu. Wannan duka bai fi minti guda ba, kuma gara a ga ɓarna mota tana tsaye. In kin juya kan keken a gida, ki mai da shi daidai ki ɗaure notin tamau kafin ki hau. Kan da bai ɗauru ba yana juyawa a hannu a bar mutum a ƙasa. In ruwan sama ya dake shi a hanya, ki goge ki ɗiga wa sarƙa mai, kada ta yi tsatsa.

In kin tarar da ɓarna, ban da hayaniya. Ki nuna wa direba a gaban shaidarki. In ya ƙi ji, ki rubuta lambar mota, ki tafi ofishin shugaban tasha, ko ki tura wani namiji na gida. Sau da yawa a nan ake sulhu a raba kuɗin gyara. Direbobi ma 'ya'yan mutane ne, mafi yawansu ba sa son sunansu ya ɓaci a tasha.

In kuwa saƙo za ki bayar, ba ki cikin motar, to, ki rubuta sunan mai karɓa da garinsa da lambar wayarsa a kwali, ki ɗaure a wuyan keken. Ki karɓi lambar wayar direba da lambar mota, ki sanar da mai karɓa ya je tasha ya jira tun kafin mota ta iso.

GA 'YAN MATA MASU HAWA

Ku 'yan makaranta, ga taku. Dogon hijabi da bakin zane suna shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar baya, su fizgo mutum ta wuya. Kafin ki hau ki tattara hijabinki ki zauna a kan bakinsa, ki sa wando a ciki, kuma kada a cire murfin sarƙa don wai yana ƙara. In kin zo wurin yashi, wanda ƙasarmu ba ta rasa shi, ki sauka ki tura, ba abin kunya ba ne. Ki guji gefen hanya inda tsidau da ƙayar aduwa suke, su ne abokan cinikin mai faci. A kan kwalta ki bi gefen dama, in kin ji babbar mota ki sauka daga kan titi gaba ɗaya. Ku riƙa tafiya ku biyu ko uku, ku dawo gida kafin magariba.

Na san a wurinmu yarinya tana hawan keke, amma da ta girma sai a fara magana. Ni ma an yi a kaina. Makon farko yara suna bina suna ihu, tsofaffi suna riƙe baki. Na riƙa sauka ina gai da dattawa a ƙofar gari, in tura keken sai na wuce su. Ba a yi wata biyu ba maganar ta mutu. Yau ɗiyar ɗaya daga cikin masu riƙe bakin nan da keke take zuwa ƙaramar sakandare a garin da ke gaba da su. Gwaggonta ce ta sayo mata a Kano, ta ɗoro shi a mota, ni na rubuta mata abin da za ta gaya wa direba. Da ba domin keken nan ba, da karatunta ya tsaya a aji shida, gama mahaifinta ya riga ya ce ba shi da kuɗin acaɓa. Kowane gida da tsarinsa, kuma shawarar iyaye da ta maigida ita ce gaba. Abin da nake roƙo kawai, in za a yi shawarar, a sa karatun yarinyar a kan sikeli.

YADDA WASU ƘASASHE SUKE YI

Kada ku ce mu kaɗai ke wannan fama. A birane da yawa na Amurka, bas ɗin haya tana da wani ƙarfe a gaba wanda ake saukewa a ɗora keke biyu ko uku, mai keken da kansa yake ɗorawa ya shiga ya zauna. A ƙasar Holand ana shiga jirgin ƙasa da keke, a yanka masa tikitinsa, ban da lokacin cunkoson safe da na yamma. A Ingila kuwa akwai keken da ake naɗewa kamar tabarma, irin wanda kamfanin Brompton ke ƙerawa a Landan, mutum ya riƙe shi a hannu ya shiga mota.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na Jihar Bihar ta ƙasar Indiya, ƙasar manoma matalauta. A 2006 gwamnatin jihar ta fara ba kowace yarinya da ta shiga aji tara kuɗin sayen keke. Masana da suka bi sawun shirin sun tarar yawan 'yan matan da ke shiga sakandare a kan shekarunsu ya ƙaru da kashi 32 cikin 100, kuma amfanin ya fi yawa a ƙauyukan da makaranta ke nesa da su. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta keɓe ran 3 ga Yuni ta kowace shekara ta zama Ranar Keke ta Duniya. Abin da muke rainawa a zaure, ga inda ya kai.

Mu ba mu ce sai an kawo mana bas irin ta Amurka ba. Amma masu walda suna nan a Garki da Ringim da Gumel, waɗanda ke ƙera ƙofofi da gadaje. Ƙarfen rataya keke biyu a bayan bas bai fi ƙarfinsu ba. Shugabannin tasha kuma in sun zauna suka yanka kuɗin keke guda ɗaya sananne, kamar yadda suka yanka na kujera, da gardama ta ragu, da su ma sun ƙara samun fasinja. Wadda mijinta ko wanta direba ne, don Allah ta karanta masa wannan wuri bayan ya ci tuwo.

To, 'yan'uwa, ga abin da ya sawwaƙa. Wadda za ta yi tafiya da keke a wannan hutu, ta yanke shafin nan ta sa a jaka tare da igiyarta da sifanarta. Wadda kuma ta taɓa ɗora keke ko keken ɗinki a mota ta ga wani abin da ban faɗa ba, ta rubuto mana, mu buga domin sauran su ƙaru. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.